Gangar Noma da Yaron Goron Dutse

A karkarar Dambatta da Bichi, inda gona ke jingine da gona, laifin yaro ba ya ɓuya. Wanda kotu ta tura gidan gyaran hali na Goron Dutse, a birnin Kano, yakan dawo ya tarar sunansa ya koma “ɓarawo”. Alhali a ƙauyukan nan, ranar gayya, gangar noma ce ke kiran sunan saurayi har ya tsere wa sa'o'insa. Saboda haka koya wa yaran da ke tsare tsara waƙa gado ne. Mai jiran amshi yana koyon haƙuri, mai sake baiti yana gane kuskure na gyaruwa. In yaro ya dawo da waƙarsa, ƙauye ya samu wani sunan kiransa.