Tsada Daban, Daraja Daban: Darasi Daga Teburin Mai Shayi

Masu iya magana kan ce araha ba ta ado. Sai dai kuma su ne suka ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Tsakanin waɗannan karin magana biyu ne mai saye yake samun kansa a duk lokacin da aka miƙo masa kaya mai tsada aka ce ya fi na kowa. Abin da nake son mu duba a nan shi ne yadda ake auna ɗanɗano da darajar abin sha na haɗi, da kuma amfanin kalmomi a wajen wannan awo.

Galibin ganyen shayin da ke cikin kwali ba daga gona ɗaya ya fito ba. Kamfanoni kan sayo ganye daga ƙasashe irin su Kenya da Indiya da Siri Lanka, sannan ƙwararrun masu ɗanɗano su gauraya shi domin ya riƙa fita iri ɗaya kullum. Haka ma masu yin barasar rake a Jamaika da Barbados suke haɗa wadda ta daɗe a ganga da wadda ba ta daɗe ba, su ɗora mata farashi. Ke nan wanda ya sayi haɗi, ya sayi gwanintar mai haɗawa ne, wani lokaci kuma ya biya har da kuɗin suna da na kwali.

Ni mutumin Sahuda ne, a kan iyakar Nijeriya da Kamaru, cikin Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu. Da harshen Guɗe na buɗe baki, Hausa kuwa a kasuwa da makaranta na same ta. Kawuna yana da teburin shayi a bakin hanya, inda direbobi da fatake suke yada zango. Wata rana wani ɗan kasuwa ya kawo masa ganye a gwangwani mai rubutun ruwan zinare, kuɗinsa ya ninka na wanda ya saba saye sau uku. Ga mai ƙaramin jari wannan ba abin wasa ba ne, domin in ya saya bai karɓu ba, ribar mako ta tafi.

Kawu bai yi musu ba. Ya jera kofi uku: na gwangwanin, da na tsaunin Mambila da ake nomawa a Kakara ta Jihar Taraba, da kuma haɗinsa na kullum mai citta da kanumfari. Ruwa ɗaya ya zuba musu, kuma ya hana a sa sukari, domin a cewarsa sukari mai rufa asirin mugun ganye ne. Ya sunsuna, ya duba launi, ya kurɓa ya riƙe a baki kafin ya haɗiye. Sannan ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, me ka ji?" Na ce, "Kawu, akwai ƙamshi sosai." Ya ce, "Wannan aikin hanci ne. Harshe fa?"

A nan ya rarrabe mini. Ɗaci shi ne na maɗaci, bauri kuwa shi ne wanda ke ɗaure harshe kamar na ɗanyen goro, kuma ganyen kirki ba ya rasa ɗan bauri. Maƙaƙi a maƙogwaro yake tsayawa bayan an haɗiye, alama ce ta an cika tafasa ko ganyen ya tsufa. Lami shi ne abin da ba ya cewa komai a baki. Da aka sake tafasa ganyen uku, na Mambila bai saki ƙarfinsa ba, na gwangwanin kuwa ya koma lami, domin ƙamshin nasa na sama ne kawai. Hukuncin Kawu shi ne ganyen ba shi da laifi, amma bai kai ninki uku ba. Ya sayi kaɗan don ya riƙa barbaɗawa a haɗinsa saboda ƙamshi.

Darasin da ke nan gare mu ɗaliban harshe a fili yake. Da yawanmu, har da waɗanda suka tashi da Hausa, ba mu wuce "da daɗi" da "ba daɗi", alhali ga zaƙi da tsami da yaji da gardi da zartsi, kowanne da muhallinsa. Wanda bai san sunan abin da ya ji ba, ba zai iya kare ra'ayinsa a gaban mai talla ba, sai ya bar farashi ya yi masa hukunci.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da mu buɗe ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, mu tattara kalmomin ɗanɗano, sannan mu kai su gaban masu shayi da masu fura da iyayenmu mata a madafa, mu ji yadda suke aiki da su. A bakinsu ne waɗannan kalmomi suke raye.