Yadda Rustum Ya Shigo Gidana

Ragon sunan ni na saya, tun cikin yana wata takwas. Na fara da wannan ne don mai karatu ya san inda zuciyata ta tsaya, domin a lokacin gani nake wanda ya sayi rago yana da ta cewa a kan suna.

'Yata ta fari aure ya kai ta Omdurman. Mijinta ba Bahaushe ba ne, ɗan can ne, yana da shagon kayan gyaran mota. Da yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 suka yi 'yan watanni suna jiran ƙura ta lafa, da ba ta lafa ba suka koma Madani. A Disamba Madani ma ta faɗi, sai ga su a ƙofar gidana a nan Gadarif, a bayan babbar mota, ita da tsohon ciki, shi da jaka ɗaya. Mahaifinsa ya ƙi barin Omdurman. Tsoho ne mai ciwon suga, ya ce shi ba inda za shi. Can ya cika, maƙwabta suka rufe shi. Ɗan bai samu ko sallar gawa ba, ta waya aka gaya masa.

A Janairu, muna tsakiyar kakar dawa, aka yi wa yarinyar tiyata aka ciro ɗa namiji. Ni kuwa na riga na gama lissafina. 'Ya'yana duk mata ne, ban taɓa samun yi wa marigayi mahaifina takwara ba. Mutumin da aka goyo shi daga ƙasar Katsina a kan hanyar Makka, iyayensa suka yada zango a Mai Wurno, guzuri ya ƙare, zango ya zama gida, daga baya noman riɗi ya jawo shi Gadarif. Ga jika namiji an haifa a gidana, a kan gadona, da kuɗin asibitina. To sunan wa zai ci?

Daren kwana na uku, bayan sallar lisha, surukina ya zo ya durƙusa gefen tabarmata. Ya ce, "Ammi, in ka yarda, sunan babana nake so in sa masa."

Sunan baban nasa Rustum.

Ban ce masa uffan ba. Na san sunan tun ranar ɗaurin aure, da aka rubuta shi a takarda, amma a lokacin sunan wani ne a gidan wasu. Yanzu kuwa za a riƙa kiransa a tsakar gidana. Kuma ni Rustum ɗaya na sani a duniya, wanda duk almajirin da ya zauna gaban malami a karatun tarihin sahabbai ya sani: kwamandan Farisawa a yaƙin Kadisiyya, zamanin Sayyidina Umar, wajen shekarar 636. Shi ya ja rundunar Sarki Yazdajird da giwayenta ya tari Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. Shi ne wanda Rib'iyyu ɗan Amir ya shiga wurinsa da ƙaramin dokinsa, yana dogara mashi yana huda masa shimfiɗun alfarma. A yaƙin aka kashe shi. Na kwana ina juyi, ina cewa a raina, wai jikana, jikan mahajjata, ya ci sunan Bamajushen da ya zare takobi a kan sahabbai!

Da safe na kai ƙorafin rumfata a kasuwar amfanin gona. Akwai wani malamin tarihi da ya gudo daga Madani, yana kwana da iyalinsa a wata makarantar firamare da aka mayar matsugunin 'yan gudun hijira, na ɗauke shi yana riƙe mini littafin lissafin buhuna. Da na gaya masa sai ya yi dariya, ya ce, "Alhaji, ai shi ma na Kadisiyyar takwara aka yi da shi."

Kwana uku muka yi muna wannan zance tsakanin awon dawa da shan shayi. Ashe sunan ya girmi wancan kwamanda nesa ba kusa ba. Rustum na asali gwarzon tatsuniyoyin Farisa ne, kamar yadda mu muke da namu jaruman da ake wa kirari. Mawaƙi Firdausi ya tattara labaransa a Shahnama, wato Littafin Sarakuna, wanda ya kammala a 1010, baiti wajen dubu 50. Ubansa Zal, uwarsa Rudaba, dokinsa Rakshu. Masana harshe sun ce rabin sunan na ƙarshe ƙarfi yake nufi a tsohon Farisanci. Babu gunki a ciki, babu bautar wuta. Abin da ya sa na ajiye kofin shayina shi ne da malamin ya ce, a labarin, saboda girman jaririn sai da aka tsaga cikin uwar aka ciro shi. Na tuna 'yata kwance da ɗinki a mara. Amma da ya ƙara da cewa wannan gwarzo ya kashe ɗansa Suhrab a fagen fama bai san ɗansa ba ne, na ce masa, "Malam, wannan kam riƙe abinka, kada matan gidana su ji."

Na biyun shi ya fi shiga raina, don ya taɓa sana'armu. Abdurrahman ɗan Rustum, Bafarishe ne Musulmi, ya kafa daula a Tahart, kusa da garin Tiyaret na Aljeriya ta yau, wajen shekarar 777. Zuriyarsa, da ake kira Rustumawa, suka riƙe ta har 909 da Faɗimiyawa suka ci garin. Ibadiyawa ne, irin na Oman, ba Malikawa irinmu ba. Amma fatakensu suna cikin Musulmin farko da suka riƙa keta Sahara ta Wargala zuwa Tadmakka da Gao, suna kai haja suna ɗauko zinariya, da bayi ma, kada mu ɓoye. Wani marubucin zamanin, Ibnus Sagir, ya kawo labarin jakadan da Imam Aflah, jikan Abdurrahman, ya aika wa wani sarkin ƙasar baƙar fata. Wato tun kafin Wangarawa su iso Kano, da ƙarnuka, akwai ayarin da ke tasowa daga garin 'ya'yan Rustum ya nufo kogin Kwara. Ni da na tashi ina jin labarin ayari da madugu daga bakin tsofaffi, sai na ji sunan ya rage mini nisa.

Daga Farisawa Turkawa suka ɗauki sunan. Wannan ɓangaren matan gidana sun riga ni sani, saboda sun kalli wasan kwaikwayon nan na Harimus Sulɗan a talabijin kafin yaƙi. Rustum Basha, wazirin Sarki Sulaiman kuma mijin 'yarsa Mihrima, ya riƙe wazirci daga 1544 zuwa 1553, aka tuɓe shi, aka mayar da shi a 1555 har rasuwarsa a 1561. Uwargida ta ce ita ba ta son sa, makirci ya yi masa yawa. Ni abin da ya burge ni masallacinsa ne a Istanbul, wanda magini Sinan ya gina a tsakiyar kasuwa, a saman shaguna, kuɗin hayar shagunan na ɗaukar hidimar masallacin. 'Yan uwanmu masu zuwa sarin kaya can, in kun bi ta wajen kasuwar kayan yaji ku ɗaga kai.

Ta hannun Turkawan ne sunan ya gangaro Nilu. Sojojin Muhammad Ali na Masar sun shigo Sudan a 1820, mulkinsu ya kai har 1885 da Mahadi ya ci Hartum, kuma a 1852 an yi wani hakimdar na 'yan watanni mai suna Rustum Basha. Sojoji da ma'aikata da yawa sun yi aure a nan sun bar zuriya. Dangin surukina daga irin waɗannan suke, sunan yana yawo a gidansu daga kaka zuwa jika. A Masar ma ga ɗan wasan fim Zaki Rustum, a Tatarstan ta Rasha kuma shugabansu tun 2010 Rustam Minnikhanov ne.

Duk da haka ban sauko ba. Ana jibi suna na tafi wurin limamin unguwarmu, ina fatan ya ba ni hujjar da zan riƙe. Ya saurare ni har na gama. Ya ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan canza suna in ma'anarsa mummuna ce, ba don baƙon harshe ne ba. Ya kawo mini Fairuz Addailami, sahabin da ya kashe Aswadul Ansi mai da'awar annabci a Yaman, ya ce ga suna na Farisanci tsantsa, da shi ya rayu da shi ya mutu. Sannan ya dube ni ya ce, "Alhaji, kai ma ka sani, raɗa suna haƙƙin uba ne. Rago sadaka ce ka yi, ba ciniki ba."

Wannan maganar ta zauna mini a ƙirji, don ya taɓo abin da ban faɗa ba. Ba Kadisiyya ce damuwata ba. Mu da aka haifa a ƙasar nan, iyayenmu ma wasu a nan aka haife su, har yau in ka je neman takardar ɗan ƙasa sai an tambaye ka kakan kakanka, an kira ka Fallata da wata irin murya. Tsorona shi ne yaron ya tashi da Larabci a baki da sunan Turkawa a takarda, watarana a ce masa kakarsa Bahausa ce ya yi mamaki. Sunan mahaifina nake so in ɗaura masa kamar laya.

Uwargida ce ta ƙarasa ni. Da dare ta ce, "Malam, yaron nan ba shi da gida, ba shi da shago, ko kabarin ubansa bai gani ba. Tuwonka yake ci yana sunkuyar da kai. Abu ɗaya ya roƙe ka, kuma abin nasa ne. Da a Omdurman aka haihu, wa zai tambaye ka?"

Ban amsa mata ba. Da asuba na tarar da shi a bakin randa yana alwala, na ce masa, "Allah ya raya Rustum." Ya kama hannuna da hannunsa jiƙe, bai iya cewa komai ba.

Ranar suna an cika, Hausawa da Larabawa da maƙwabtanmu Habashawa. Da liman ya faɗi sunan, wani tsoho abokin mahaifina ya karkato kunne ya ce, "Wa? Rusumu?" Aka maimaita masa sau biyu, ya gyaɗa kai ya shafa fatiha. Har yau Rusumu yake kiransa, yaran unguwa kuma sun yanke shi zuwa Rustu.

'Yata ita ba ta iya faɗin sunan ba, ko na asalin ko na yankan. Sunan surukinta ne, kunya ba za ta bar ta ba, ko da yake a dangin mijin babu wannan al'ada, har dariya suke mata. Abba take ce masa. Jiya da yamma ina daga soro na ji ta tana ƙwala kira, "Abba, sauko daga kan buhun nan!" Na leƙa, ga shi a saman buhun riɗina, ya huda gefe da tsinke yana kallon yadda yake zuba.