Kuɗin kaka da takin damana

Ƴan uwa manoma, bara na sha kunya. Da kaka na saida gujiya, na ce zan aje kuɗin takin zamani. Biki ya ci, suna ya ci. Da ruwa ya sauka, ba ni da ko dala. Hatsina ya yi ja, ɗalibaina na wucewa suna gani.

Ashe ba ni kaɗai ba ne. Akwai wata malama ƴar Faransa, Esther Duflo, masaniyar tattalin arziki. A 1999 ta fara koyarwa a jami'ar MIT ta Amurka. Ta ba shugaba Obama shawara. A 2019 ta samu kyautar Nobel.

Ita da abokan aikinta sun yi bincike wajen manoman masara a yammacin Kenya. Sun ga manomi na son taki, amma kuɗi kan ƙare kafin shuka. Sai aka bi su gida gida bayan girbi, su biya nan take, a kawo musu takin har gida. Masu sa taki suka ƙaru.

Bana, ranar da na saida gujiya, ranar zan sayi takina. Ku ma ku gwada.