Layin da Na Manta a Lissafin Tashi



Akwai wani littafi mai baƙin bango da na saya a ƙarshen 2022 da niyyar fara rubuta labari a cikinsa. Shafi uku kawai labarin ya samu. Sauran shafukan duk lissafin sayar da gidanmu ne ya cinye su: kuɗin fenti, la'adar dillalai, kwalaye, igiya, ladan 'yan dako. Kwanan baya na ci karo da shi a ƙasan akwati, na zauna na karanta shi tun daga farko, shi ya sa na ce bari in ba ku labarin abin da ke ciki.

Gidan yana Nassarawa GRA, a wani layi da ke bayan titin Sultan Road. Irin tsofaffin gidajen nan ne na ma'aikatan gwamnati, ginin ƙasa ɗaya mai faffaɗar baranda, a tsakiyar fili mai girma, ga mangwaro biyu da darbejiya ta bakin ƙofa, ga ɗakunan boskwata ta baya. Unguwar ta samo asali ne bayan Turawa sun ci Kano a 1903, suka keɓe wa kansu wurin zama a wajen ganuwa. Da suka tafi, manyan ma'aikata suka gaje ta. Abbanmu ya shiga gidan a farkon shekarun 1980, a nan aka haifi yawancinmu, daga nan muke tafiya a ƙasa mu je kallon Hawan Nassarawa idan Sarki zai je Gidan Gwamnati.

Abba ya rasu a 2022, ya bar Hajiya da mu bakwai, maza uku mata huɗu. Lissafin gadon ba shi da wuya a takarda. Hajiya tana da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, abin da ya rage a kasa shi goma, kowane namiji kaso biyu kowace mace kaso ɗaya. Amma gida ɗaya ne, kuma babu wanda yake da ƙarfin da zai biya sauran ya riƙe shi. Biyu daga cikin ƙannena mata a gidan haya suke da mazajensu, autarmu tana jami'a. Bayan Hajiya ta fita takaba muka zauna gaban Kawu, aka yanke shawarar a sayar. Da yake ni ne ake gani kullum da biro a aljihu, sai aka ɗora mini riƙe lissafi.

Kuskurenmu na farko shi ne fenti. Yaya ya ce abin kunya ne a kawo mai saye ya ga bango yana ɓarewa, silin ya yi taswira saboda yoyo. Na goyi bayansa. Muka kira masu fenti da kafinta da mai gyaran famfo, aka canza kwanon rufin da ya ruɓe ta ɓangaren kicin, aka sa sabon tayil a banɗakuna biyu. A littafina an rubuta naira miliyan biyu da dubu ɗari uku, kuma daga aljihun mu uku maza ta fito, da sharaɗin za a mayar mana idan an sayar.

Mutumin farko da dillali ya kawo bai shiga falon ba ma. Ya sauko daga mota da wani saurayi riƙe da tef, suka auna katanga daga gaba zuwa baya, suka leƙa suka ga nisan gidan da kwalta, suka tafi. Na biyu ma haka ya yi. Da na tambayi dillalin, dariya ya yi ya ce, "Ranka ya daɗe, a unguwar nan ai ƙasa ake saye. Ginin nan sati biyu ya yi masa yawa." Gaskiyarsa. Duk wanda ya zagaya Nassarawa GRA a 'yan shekarun nan ya ga yadda ake rushe tsoffin gidaje ana mayar da fili ɗaya gidaje huɗu ko shida, ko makaranta, ko asibiti, ko jerin shaguna. Mu ma muna gani kullum, son zuciya ne ya hana mu yarda cewa namu ma haka za a yi masa. Da mun tambayi dillali ɗaya kafin mu sayi bokitin fenti na farko, da shara da sare ciyawa sun wadatar.

Abin da ya kamata mu fara gyarawa ashe takardu ne. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filin jiha yana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum yake riƙe da shi haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99, kuma ba a mayar da shi ga wani sai da amincewar gwamna. Takardar C of O ɗinmu da sunan Abba take, don haka sai da muka je kotun Shari'a aka tabbatar da magada, kowa ya sa hannu a kan wanda zai wakilce shi. Da lauyan mai saye ya je KANGIS bincike, sai ga bashin harajin ƙasa na shekarun da Abba ya yi yana jinya. Babu wanda ya tuna da shi a cikinmu, ni kaina ban san ana biya duk shekara ba. Ga ragowar kuɗin wuta da na ruwa. Duk waɗannan bashi ne a kan mamaci da gidansa, kuma sai an sauke bashi ake rabo. Wata biyu muka ɓata a nan.

Sai dillalai. Ɗaya muka ba wa gidan, amma ranar da aka yi ciniki su biyar suka bayyana, kowa yana cewa ta hannunsa mai sayen ya biyo. Abin da ya cece mu shi ne Kawu ya sa an rubuta tun farko cewa kashi 5 cikin 100 za mu bayar, kuma mutum ɗaya za mu miƙa wa, su je su raba a tsakaninsu. An sallama a watan Mayun 2023. Mai sayen ya ba da kafin alƙalami, ya ce sauran sai ranar da muka ba shi makulli. Hajiya ta roƙi alfarma ɗaya, a bar ta ta yi layya ta ƙarshe a gidan. Babbar Sallah ta kama 28 ga Yuni, sai aka sa ranar tashi a tsakiyar Yuli.

A nan na gane wani abu da ban taɓa tunani ba. Mai tashi daga gida yana kashe kuɗi ne kafin kuɗin gidan su shigo hannunsa. Sai da muka kama wa Hajiya gidan haya mai ɗaki uku a Hotoro, aka biya shekara guda gaba ɗaya, da la'adar wanda ya samo shi. Kuɗin kafin alƙalamin kuma na magada takwas ne, ba a taɓa shi sai da yardar kowa. Na riƙa bin 'yan uwana ɗaya bayan ɗaya a waya, ina karanta musu abin da za a cire, suna amsawa, ina rubuta ranar da sa'ar. A lokacin wasu sun ce na cika ƙaƙale. Daga baya wannan rubutun ne ya kashe wata rigima tun kafin ta tashi.

Na ƙiyasta dubu ɗari shida a kan kwasar kaya. Na yi ciniki da mai kanta ɗaya da masu a-kori-kura biyu a tsakiyar Mayu. Ranar 29 ga watan aka sanar da cire tallafin mai, cikin 'yan kwanaki litar fetur da farashinta na gwamnati bai kai naira 200 ba ta haura 500. Da na koma wajensu a Yuli, kowa ya kusan ninka kuɗinsa. Na ce wa mai kantar, "Malam, kai ai gas motarka take sha." Ya ce, "Haka ne Alhaji, amma ni da yarana ba gas muke ci ba." Ban da ta cewa. Sannan ga abubuwan da ban sa a lissafi ba sam: kafintan da zai kwance gadaje da wadirof ya sake ɗaura su, mai cire na'urar sanyaya ɗaki, mai sauke sola da batiranta, tamfol saboda damina ce, abincin 'yan dako, labulayen da ba su yi daidai da tagogin sabon gida ba. Abin da aka kashe ya kai miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu.

Kayan shekara arba'in kuma ba sa shiga ɗaki uku. Hajiya ta raba kwallaye da samirunta ga 'ya'ya mata, dillaliya ta kwashi wasu, 'yan gwanjo suka sayi tsoffin kujeru a kuɗin da ba zan iya faɗa ba don takaici. A sito na tarar da tarin jaridun Abba, Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian, gara ta ci fiye da rabi. Na tsinci kwali ɗaya na ɗauka.

Saura kwana tara mu tashi, bayan sallar isha'i, na je wajen Hajiya da littafina ina jin na gama aiki. Ta ce in karanta mata. Na karanta layi talatin da ɗaya, har da kuɗin kwan fitila. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Ta ce, "To shi Baba Maigadi a wace motar ka sa shi?"

Wallahi sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mutumin nan daga ƙasar Damagaram ya zo, ya fi shekara talatin a boskwatarmu. Shi yake raka mu makarantar allo, shi ya ɗauke ni a kafaɗa ranar da na faɗo daga mangwaro na karye. Sabon gidan ba shi da ɗakin maigadi, mai sayen kuma kamfanin tsaro yake amfani da shi. Duk watannin nan Baba yana buɗe wa masu awo ƙofa, yana taya masu fenti ɗaukar tsani, bai taɓa tambayar kowa makomarsa ba. Da na je wajensa da safe, na tarar ya riga ya sayar da awakinsa biyu, ya ɗaure kayansa a buhu uku. Na ce, "Baba, me ya sa ba ka yi magana ba?" Ya ce, "Ɗan nan, ku da kuke cikin rashi, in ƙara muku da tawa?"

Na kira taro. A shari'a Baba ba magaji ba ne, Abba kuma bai bar wasiyya ba, ko da yake yana da damar yin ta ga wanda ba magaji ba har zuwa sulusin dukiyarsa. Don haka ba a cire ko sisi daga gadon sai kowa ya yarda, kuma ba kowa ne ya yarda ba. Biyu daga cikinmu suka ce an biya shi albashinsa duk wata, su ma suna da buƙatunsu. Ba zan zarge su ba, na san halin da ɗayansu yake ciki. Murya ta fara ɗagawa, sai Hajiya ta ce, "Ku bar shi. A cire daga tumunina." Kawu ya ce ba za a tilasta wa kowa ba, wanda ya ga dama ya bayar daga rabonsa. Mu biyar muka bi bayan Hajiya. Abin da aka tara ya isa ya gyara gidansa na ƙauye ya sayi 'yan dabbobi.

Ranar tashi an wayi gari da yayyafi. Motoci suka yi sawu huɗu. Baba ne ya kulle ƙofar da hannunsa, ya miƙa wa Yaya makullin, kashegari na kai shi tasha da kaina. Kafin ƙarshen shekara na bi ta layin, na tarar an baje ginin har da sabon tayil ɗinmu, mangwarayen ma babu, darbejiyar bakin ƙofa ce kaɗai ta tsira don ta faɗa wajen katanga.

Wani abokina da gadon gida ya faɗo musu a Tarauni ya tambaye ni shawara kwanaki. Na ce ya fara da takardu, ya tambayi dillali ko gini ake nema ko fili kafin ya kashe ko kwabo a gyara, ya rubuta la'ada, ya ninka duk abin da ya ƙiyasta na kwasar kaya. Na kuma ce kafin ya rubuta kujera ko gado, ya fara rubuta sunan duk wanda yake kwana a cikin gidan, ya san inda kowa zai kwana daren farko bayan an miƙa makulli.

A littafin nawa, layi na talatin da biyu da jan biro aka rubuta shi, don baƙin ya ƙare a daren. Baba yana kirana lokaci-lokaci ta wayar jikansa, kuma tambayarsa ta farko kullum ita ce lafiyar Hajiya. Allah ya jiƙan Abba da dukkan magabatanmu, ya sa mu rabu da mutane lafiya.