Yaron da muka kusa kora daga islamiyya

A islamiyyarmu ta nan Agege akwai wani yaro ɗan shekara 9 da muka daɗe muna kira mai taurin kai. Abu kaɗan zai harzuƙa shi ya jefi ɗan uwansa da allo, can kuma ya koma gefe yana kuka, yana cewa bai san yadda aka yi ba. Mun yi bulala, mun ba shi rubutu ya sha, har kwamiti ya zauna kan batun korarsa.

Mahaifiyarsa ce ta roƙe mu mu dakata. Ta kai shi sashen yara na asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, wanda ke Oshodi. Likita ya ce ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa ne ke taka wa mutum birki, kuma birkin wasu yaran yana da rauni. Lalura ce, duka kuwa ƙara ta yake yi.

Yanzu da ya fara huci, malam zai fitar da shi ya sha iska, ranar da ya daure kuma a yaba masa. Bai warke ba tukuna, amma ya kai izu biyu.

Da mun kore shi, ina za shi? Allah Ya yafe mana, Ya shirya mana zuri'a.