Wake Ba Tsutsa! Da Idona Na Gani a Kwali

Kai! Jama'a, ku matso ku ji!

Gonar wake ce a Kwali, nan gefen Abuja. Na tsinko kwanso, na ɓare. Fes! Na tsinko wani. Fes! Wani kuma, fes! Ba huda, ba kashin tsutsa, ba wannan saƙar da ke manne fure da ganye. Ƙwayoyi jere reras, cike fam.

Duk wanda ya taɓa noman wake ya san tsutsar Maruka. Ta ci fure, ta huda kwanso, ta shige ciki inda magani ba ya cim mata. Idan ta yi ƙamari, sai ta lashe kashi 80 cikin 100 na amfanin gona. Shi ya sa manomi ke goya tankin feshi sau shida, har takwas, a damina guda. Warin magani a riga, yaji a ido, aljihu wayam.

Na ce wa mai gonar, "Baba, sau nawa ka yi feshi?"

Ya ɗaga yatsu biyu. Biyu! Su ma don sauran ƙwari ne.

SAMPEA 20-T sunan irin. Kuma a Samaru aka samar da shi, Samarun Zariya, a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku. An ɗauko ƙwayar halitta daga wata ƙwayar bakteriya da ke zaune cikin ƙasa, aka dasa a jikin waken. Tsutsa ta gutsura, hanjinta ya lalace, shi ke nan. Waken da kansa yake tsare kansa! Hukumar NBMA da ke nan Abuja, mai ba da izinin irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, ta amince da shi a watan Janairun 2019.

Ga abin da ya fi faranta mini rai: furen wake kansa yake yi wa barbara. Baba zai iya ware iri daga girbinsa, ya adana, ya shuka baɗi.

Masarar TELA fa, wadda aka ƙaddamar a Abuja a watan Yunin 2024? Ita ma tana maganin tsutsa, amma irin aure ce. Ka maimaita shuka 'ya'yanta, amfani ya ragu. Kowace shekara sai ka koma wurin mai sayar da iri, da kuɗi a hannu. Ga mai kadada ɗaya, wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma ina ganin ita ta fi cancantar a tsaya a kanta. A watan Mayun 2024 ma Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da shigo da irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta har a yi bincike.

Shi Baba bai jira kowa ba, ya raba gonarsa. Sabon iri a nan, don buhu da kasuwa. Can ƙarshen gona kuwa, tsohon irin gida mai yaɗo, wanda ya gada.

"Ɗana," in ji shi, "tumakina harawa suke ci da rani."