Kwalbar Malt da Gorar Zoɓo



Turawa suna da wani tsohon musu: wai giyar Jamus da ta Beljiyam ce ta fi, ko kuwa ta Amurka? Mu a Dukawuya ba ruwanmu da wannan gardama. Addini ya haramta mana, kuma tun 2000 da Kano ta ƙaddamar da Shari'a doka ma ta hana, Hisbah na fasa kwalabe a bainar jama'a. Sai dai mu ma muna da namu musun, a gidan biki ake yin sa: me za a ajiye wa baƙo?

In an kawo Maltina ko Malta Guinness, ko Coca-Cola da aka fara haɗawa a Atlanta ta Amurka a 1886, sai a ce an karrama mutum. In aka miƙo zoɓo, sai ka ji ana ƙus-ƙus wai an yi rowa.

To mu duba kwalbar nan. Kamfanin Nigerian Breweries, mai yin giyar Star, shi ke yin Maltina. Ba ta sa maye, shi ya sa muke sha. A 1988 gwamnati ta hana shigo da sha'ir, dole kamfanonin suka koma ga dawa. Wato irin hatsin da manomanmu ke kaiwa Dawanau ne ke dawo mana da marfi da tambari. Shi kuwa zoɓon da ake rainawa, daga Jigawa da Kano ake loda shi a kwantena zuwa Meziko, can su dafa su sha da ƙanƙara.

A lungunanmu akwai iyaye mata da zawarawa masu tashi tun asuba, su dafa zoɓo da citta da kanumfari, su markaɗa aya da dabino. Da wannan riba ake biyan kuɗin Islamiyya, a sayi sabulu. Duk kiret ɗin da ya shigo biki, cinikinsu ne ya ragu.

Masu gudun zoɓo suna da hujja: ruwan da ba a san asalinsa ba, da gorar da aka tsinto a bola. Maganin wannan a hannunmu yake: tafasasshen ruwa, sabuwar gora, a rage sukari saboda dattawanmu masu ciwon suga, mu kuma mu yarda mu biya ƙarin kuɗin.

In biki ko suna ya taso a gidanku, kafin a aika yaro shago, a fara ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciya.

Allah Ya sa mu dace.